Faranti a Kan Soro

Daga cikin baƙin abubuwan da suka shigo ƙasar Hausa a tsawon rayuwar waɗanda a yau suka manyanta, kamar su rediyo da babur da injin niƙa da wayar hannu, akwai guda wanda, ko da yake ya hau kusan kowane soro ya zauna har ido ya saba da shi, ba a cika tsayawa a yi nazarin tarihinsa ba, balle a tambayi abin da ya sauya a zaman iyali. Wannan kuwa shi ne ɗan farantin nan na ƙarfe da ake kafawa don kama tashoshin tauraron ɗan Adam, wanda jama'a ke kira dish. Na ga ya dace a waiwaya a dube shi tun yana gabanmu, domin alamu sun nuna cewa zamaninsa ma ya fara karkata, kuma domin a cikin yadda ake zaɓensa da yadda ake sayensa akwai izina ga duk mai riƙe da gida.

Talabijin ta fara aiki a Nijeriya a birnin Ibadan cikin 1959, a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Yamma, sa'an nan Jihar Arewa ta buɗe tata a Kaduna cikin 1962, zamanin Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello. Cikin 1977 gwamnatin soja ta tattara tashoshin duka ta sa su ƙarƙashin hukuma guda, wato NTA, kafin jihohi su sake buɗe nasu, kamar yadda Kano ta buɗe CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A duk tsawon wannan lokaci, wanda Allah ya hore wa akwatin talabijin ba shi da wata mas'ala ta zaɓi, domin aikinsa bai wuce ya nemi doguwar gora ya ɗaura mata eriya, ya kafa ta a jikin katanga, ya sa yaro ya riƙa murɗa ta har hoto ya washe ba. Tasha ɗaya ce ko biyu, ta buɗe da la'asar, ta karanta labarai da ƙarfe tara, ta nuna wasan Samanja ko na Karkuzu a ranar da aka yanka musu, ta rufe da taken ƙasa kafin dare ya raba. Dalilin wannan ƙunci kuwa a halitta yake: saƙon talabijin a miƙe yake tafiya, ƙasa kuwa a dunƙule take, saboda haka da zarar mutum ya yi nisa da hasumiyar tasha sai doron ƙasa ya shiga tsakaninsu. Abin da gari zai kalla a ofis ake yanke shi, mai gida da iyalinsa da yaran unguwar da suka cika masa ƙofa nasu karɓa ne kawai.

Hikimar da ta warware wannan ƙunci ta ilmin falaki ce da hisabi, irin wanda malamanmu suka daɗe da sanin darajarsa, suna gane manzilolin wata da shigar damina da shi. Cikin 1945 wani marubuci ɗan Ingila, Arthur Clarke, ya bayyana cewa idan aka ɗaga na'ura sama har nisan kimanin kilomita 36,000, daidai saitin layin da ya raba duniya biyu, to kewayenta zai yi daidai da juyawar ƙasa, zagaye guda a yini da kwana, ta yadda mai dubanta daga ƙasa zai same ta kullum a wuri ɗaya, kuma daga wannan matsayi tana hangen sulusin duniya ba dutsen da ya tare ta. Ba a cika shekara ashirin ba zancensa ya tabbata a aikace, har aka nuna wa mutanen Amurka wasannin Olamfik na Tokiyo na 1964 ta wannan hanya. Tun daga nan taurarin suka yi ta ƙaruwa, suka jeru a da'ira guda, kowanne da matsayinsa da ake ƙidayawa da digiri, gabas ko yamma. Tasha ta aika saƙonta sama, tauraro ya karɓa ya mayar da shi ƙasa, faranti ya tattaro ɗan abin da ya iso ya tara shi a kan ɗan kan nan da masu sana'a ke kira LNB, shi kuma ya ƙarfafa shi ya tura ta waya zuwa risiba, ita ta mayar da shi hoto da murya.

Farantan da muka fara gani, a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, manya ne ƙwarai: faɗin wani ya kai mita uku ko fiye, ba ya hawa soro, sai an haƙa rami a tsakar gida an zuba kankare an dasa masa turken ƙarfe, wani ma har da inji mai juya shi daga tauraro zuwa tauraro. Girman nan tilas ne, domin taurarin wancan zamani ƙarfinsu kaɗan ne, kuma suna watsa saƙonsu a kan nahiya sukutum a zangon da ake kira C, wanda ba ya kamuwa sai da faffaɗan faranti. Saboda tsadarsa ba a ganinsa sai a manyan otal da gidajen attajirai, irin na Nasarawa da Bompai a Kano, har ya zama mai wucewa, in ya hango bakinsa ya leƙo ta saman katanga, ya san irin gidan da yake giftawa. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 shi ya fara nuna wa jama'a ƙimarsa, lokacin da masu shi ke ganin abin da ke faruwa a Bagadaza ta tashar CNN a sa'ar da yake faruwa, sauran gari kuwa suna jiran rediyo da labaran dare. Daga nan masu walda na gida, waɗanda ba a kawo musu abu su kasa kwaikwayonsa, suka shiga lanƙwasa rodi suna shimfiɗa masa raga, suna ƙera nasu da rahusa. Malamai kuma suka fara jan kunne a wa'azi game da abin da zai riƙa shigowa gida ba sallama, kuma in za a yi adalci, damuwarsu tana da tushe.

Abubuwa uku ne suka haɗu suka ƙanƙantar da faranti har ya koma abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya. Na farko, sababbin taurari sun fi na da ƙarfi, kuma suna tattara saƙonsu a kan yanki ƙayyadadde. Na biyu, an koma zangon Ku, wanda igiyarsa ta fi ta C gajarta, don haka ƙaramin faranti ya ishe shi. Na uku, an bar tsohon tsari an koma na dijital, inda ake matse hoto har gurbin da a da ke ɗaukar tasha ɗaya ya ɗauki goma ko fiye, kuɗin hayar tauraro ya sauka, tashoshi suka yawaita. A gida kuma doka ta sassauta, domin dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC ta ba 'yan kasuwa izinin watsa shirye-shirye. Kamfanin MultiChoice na Afirka ta Kudu ya fito da DStv cikin 1995. Aka harba wa Masar tauraron Nilesat na farko cikin 1998. Sa'an nan masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa da faranti da risiba masu araha, har sunan risibar Strong ya shiga bakin wanda bai taɓa shiga aji ba. Cikin 'yan shekaru abin da ya kasance alamar attajiri ya shiga lissafin kayan da ango ke tanada kafin a kawo amarya, kuma da wutar sola ta samu, ya isa ƙauyukan da turakun lantarki ba su taɓa isa ba.

Abin da ya shigo ta wannan hanya yana da yawa, kuma ba jinsi ɗaya ba ne. Tsohon da bai sami ikon zuwa Makka ba ya zauna a kan buzunsa ya ga ana ɗawafi a sa'ar da ake yinsa, ya bi tarawihin Harami a dararen azumi, ya ga tsayuwar Arfa ranar Arfa. Ɗalibin Larabci ya ji harshen a bakin masu shi ta tashar Al Jazeera, wadda aka buɗe a Ƙatar cikin 1996. Mata suka sami finafinan Indiya ba sai an aiki yaro hayar kaset ba. Samari suka sami ƙwallon Turai, gidajen kallo suka tsiro a kowane lungu. Daga baya muka fara jin harshenmu yana saukowa daga sama, ta tashoshin wa'azi da tafsiri irin su Sunnah TV da Manara, da kuma Arewa24 da ta fara cikin 2014, wadda wasanta na Daɗin Kowa ya riƙa tara iyali wuri guda. A nan ne fa'idar tauraro ta fi bayyana ga Bahaushe, domin saƙonsa bai san iyakar da Turawa suka shata ba: abin da ake kallo a Kano shi ake kallo a Maraɗi da Damagaram da Garwa da zangon Kumasi, duk a sa'a guda. A cikin wannan taro kuma akwai tashoshin da mai kunya ba zai so su buɗe a gaban surukinsa ba, kuma su da na tafsirin a faranti guda suke sauka.

Ke nan zaɓin da a da yake hannun hukuma, daga baya ya koma hannun attajirai, ya sauko hannun kowane mai gida. Shi kuwa zaɓi, in ya zo bai tarar da ilminsa ba, wahala yake zama. Mafi yawan hasarar da ake yi a wannan ciniki daga saɓa tartibi take, inda mutum zai fara da shago, ya sayi abin da aka miƙo masa, sa'an nan ya dawo gida yana tambayar me zai kama. Tartibin da ya dace shi ne a fara da tambayar abin da gidan ke bukatar gani, domin kowace tasha tana da tauraron da take kansa, kowane tauraro yana da kusurwarsa a sama, faranti kuwa wuri guda yake duba. Mai son tashoshin Larabawa zai nemi Nilesat a digiri 7 yamma ko Arabsat a 26 gabas. Mai DStv farantinsa 36 gabas yake duba. Mutanen Nijar masu bin Canal+ nasu yana duban 22 yamma. Abin lura, wanda ya kafa don ganin Masar da Makka ta Nilesat, farantinsa kudu maso yamma zai fuskanta, ya ba Masar baya, domin tauraron yana rataye ne a saman tekun Atlantika, kudu da gaɓar Afirka ta Yamma. A wannan mataki ne kuma mutum zai auna aljihunsa, tunda tashoshin kyauta sau ɗaya ake biyan kayansu, na kuɗi kuwa kowane wata sai an sabunta, kuma risibarsu kamfaninta kaɗai take yi wa aiki, kamar yadda waɗanda suka sayi ta kamfanin HiTV, wanda ya zo da ƙwallon Ingila cikin 2007 ya rufe cikin 2011, suka shaida.

Bayan an san tauraro sai a zo ga faɗin faranti, kuma a nan ƙa'ida ce ta lissafi wadda ba a yi mata tayi. Abin da faranti ke tarawa gwargwadon filin fuskarsa ne, filin kuwa yana ƙaruwa fiye da yadda ido ke zato, ta yadda mai faɗin santimita 90 yana tara ninki biyu da rubu'i na abin da mai 60 ke tarawa. Kowane tauraro yana da yankin da aka nufa da shi, saƙonsa ya fi ƙarfi a tsakiya yana raguwa zuwa gefe. Wanda aka yi don ƙasashenmu ƙaramin faranti ya ishe shi, amma irin Nilesat, da aka yi don Arewacin Afirka da ƙasashen Larabawa, mu a bakin iyakarsa muke, shi ya sa farantin da ya wadatar a Agadas ko Katsina ba lalle ya wadatar a Lakwaja ba, kuma duk yadda aka gangara kudu sai an ƙara faɗi. Sa'an nan ga damina: ɗigon ruwa yana shanye saƙon zangon Ku, mu kuwa hadarinmu galibi daga gabas yake tasowa, don haka masu duban gabas hotonsu kan kakkarye ya ɗauke tun ruwan bai sauka a unguwa ba. Farantin da aka saya daidai wa daida da rani, wanda ya kama da ƙyar, shi ke fara gazawa a watan Agusta, saboda haka mai hankali yakan bar rara; sai dai babban ma da nasa sharaɗi, domin kusurwar da yake gani ta fi ƙunci, yana bukatar saiti mai tsanani, kuma iska ta fi samun abin kamawa a jikinsa, sai an ba shi ƙafa mai ƙarfi.

Daga nan a dubi jikin kayan. Amfanin faranti duka a lanƙwasarsa yake, domin ita ce ke mayar da abin da ya faɗo masa zuwa ɗigo guda. In ƙarfen ya yi siriri har ya lotse a mota ko ya murɗe a hannun mai ɗauka, to saƙon zai watse, kuma babu gwanin da zai iya tattaro shi. Masu sana'a suna da gwaji mai sauƙi: a ja zare biyu a bakin faranti, ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ɗaya daga dama zuwa hagu, in suka taɓa juna a tsakiya ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba, bakin a daidai yake, in kuwa suka bar rata, ya murɗe. A duba fenti, domin tsatsa daga ramukan noti take farawa, a kuma tabbatar hannun da ke riƙe da LNB na wannan faranti ne, don tsawonsa a aune yake. Waya ma ba abar rainawa ba ce, tunda ta cikinta saƙo ke saukowa, ta cikinta kuma risiba ke aika wa LNB wutar da yake aiki da ita. Akwai wadda zuciyarta jan ƙarfe ne zalla, akwai wadda baƙin ƙarfe ne aka yi masa rufin ja, kuma maganaɗisu yana rarrabe su nan take. Ita kuwa risiba, tashoshi da yawa sun ƙaura zuwa sabon tsari mai tsabtar hoto, wanda ake rubuta DVB-S2 a kwalinsa, tsohuwa ba ta ganinsu komai girman faranti.

Inda za a samo kayan shi ne mas'ala ta gaba. Galibinsu daga ƙasar Sin suke tasowa, su sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwar Alaba, su hauro Arewa zuwa irin kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan 'yan sari su rarraba su a ƙananan garuruwa har ƙetaren iyaka. A wannan doguwar hanya ingantacce da jabu tare suke tafiya, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, ga kuma na hannu, wanda aka sauke daga wani soro aka sake masa fenti. Sayar da mai araha ko tsoho ba laifi ba ne, domin kowa da ƙarfinsa. Laifin shi ne a sayar da shi da sunan wani. Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanci babin ciniki a Risala ya san shari'a ta haramta algus da ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye haƙƙin mayar da kaya in aibin ya bayyana, kuma wannan hukunci ya hau kan risiba kamar yadda ya hau kan hatsi da dabba. Abin da ya fi tsare mai saye shi ne ya fara tambayar maƙwabcinsa faɗin farantinsa da yadda yake yi masa da damina, domin shaidar wanda kuke unguwa ɗaya ta fi ta kwali. Ya tafi kasuwa da wanda zai kafa masa. Ya sayi kaya a shagon da zai tarar gobe. A jona risibar a gabansa, a yi sharaɗin canji a rubuta a rasit. Akwatunan nan kuwa da ake tallarsu da cewa suna buɗe tashoshin kuɗi kyauta, cin haƙƙin wani ne, kuma ciniki ne na garari, tunda mai sayarwar da kansa bai san ranar da za a toshe su ba.

Duk wannan tanadi a hannun mai saiti yake ƙarewa, kuma ina ganin ba mu ba wannan sana'a haƙƙinta na yabo ba. Yawancinsu a wurin ubangida suka koya, suna riƙe tsani suna miƙa sifana, har suka haddace matsayin taurari da lambobin tashoshi. Amma aikinsu shi ne neman abin da ido ba ya gani a can nisan sama, inda kuskuren digiri ɗaya ko biyu ya isa ya ɓatar da shi. Yakan duba ko itace ko bene ya tare kusurwar, ya tabbatar turke ya tsaya cak, ya juya faranti a hankali, ya ɗaga ya sauke, ya ɗan murɗa LNB a mazauninsa, yana duban ma'auninsa ko yana kira ƙasa, "Alhaji, ya kawo?" a amsa masa, "Ɗan ƙara kaɗan, ɗana. Yawwa, tsaya nan!" Nagari a cikinsu ba ya sauka don hoto ya fito kawai, sai ya kai ma'aunin inganci iyakar abin da zai kai, ya ɗaure noti, ya naɗe mahaɗar waya don kada ruwa ya shiga. Yana kuma da ladabin da ya gada daga magina, na cewa ba a hawa soro sai an aika an sanar da maƙwabta, domin wanda ke sama yana hangen tsakar gidan mutane; ga shi ana shigar da shi har ɗakin da baƙo ba ya shiga, don haka amanarsa ake fara tambaya kafin gwanintarsa. Kafin ya tafi akwai aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda da yawa ke mantawa: risiba in ta yi bincike takan kwaso ɗaruruwan tashoshi ba tantancewa, sai mai gida ya zauna da shi a bi su ɗaya bayan ɗaya, a goge na gogewa, a kulle na kullewa da lambar sirri, a jera masu amfani a gaba. Al'adarmu ce a tsayar da baƙo a zaure a san ko wane ne shi kafin a shigar da shi ciki, kuma wannan zama da mai saiti shi ne zauren da waɗannan baƙi za su bi.

In aka ɗora ribar wannan zamani da hasararsa a mizani, kowane ɓangare yana da nauyi. Hirar dare ta ragu, tatsuniyar kaka ta ja baya, yara sun san 'yan wasan Sifen fiye da yadda suka san sarakunan garinsu. Amma kuma ilmi ya shiga ɗakunan da a da ba ya isa, matan aure sun saurari tafsiri da darasin kiwon lafiya ba su taka ƙofar gida ba, talaka ya ji labarin ƙasarsa daga bakin da ba na gwamnati ba. Abin da na fi so a lura da shi dai wata siffa ce ta faranti wadda sai yanzu da take kuɓucewa darajarta ke bayyana: allonsa ɗaya ne, a falo ko a tsakar gida, abin da ɗa ya gani uba ya gani, in abin kunya ya gifta kowa ya sunkuyar da kai wani ya miƙa hannu ga rimot, in abin dariya ne a yi tare, in ba a gane ba a tambayi babba. Yau wayar hannu ta rarraba wannan allo ɗaki-ɗaki, aljihu-aljihu. Wasan da ake jira mako guda ana samunsa a YouTube a kowace sa'a, farantai da yawa sun yi tsatsa a soro ba wanda ya hau ya gyara. Ikon zaɓin da ya sauko daga hukuma zuwa mai gida bai yi dogon zango a hannunsa ba, ya zarce zuwa hannun kowane yaro.

Saboda haka nake ganin wanda zai kafa dish a yau, kuma har yanzu yana cikin hanyoyi mafi sauƙi ga iyali, tunda tashoshin kyauta ba su cin data kuma suna isa inda sabis ɗin waya ba ya isa, ya kamata ya yi shi da niyya biyu. Ta farko, ya samo kaya nagari bisa tartibin da aka ambata, kada ya zubar da dukiyar da za a tambaye shi a kanta. Ta biyu, wadda ta fi girma, ya sa 'ya'yansa cikin shawarar tun daga tambayar farko: ya zaunar da su a tattauna abin da gidan ke bukatar gani da dalilinsa, su ga yadda ake auna maslaha da mafsada, su ji hujjar da ta sa aka bar wannan tasha aka goge waccan. Domin lokaci ya riga ya zo da babu mai saitin da zai juya musu abin da ke aljihunsu, babu kuma lambar sirrin da uba zai riƙe. Abin da zai rage musu shi ne tarbiyyar zaɓi, in an koya musu ita, ita kuwa ba ta koyuwa da wa'azi kaɗai sai yaro ya ga babba yana aikata ta a gabansa. Allah ya ba mu ikon sauke amanar iyalanmu, ya sa abin da muke shigarwa gidajenmu ya zama alheri gare mu da su, amin.